Farar tekila mai matsakaicin kuɗi: a kurɓa ko a haɗa? 🧵

1/
Duk wanda ya ce maka farar tekila mai matsakaicin kuɗi "ta koktel ce kawai", wai in kurɓa za ka yi sai ka hau Don Julio 1942 ko Azul, to ɗayan biyu ne: ko dai sayar maka zai yi, ko shi ma sayar masa aka yi. Zaren nan dogo ne, ku gyara zama.

2/
Kafin masu "Subhanallahi, da Hausa kuma?" su cika min komen: na sani. Musulunci ya haramta giya, babu ja a nan, ban kuma zo halatta wa kowa komai ba. Wanda ba ya sha, Allah ya ƙara tsare shi, ya wuce abinsa.

3/
Amma Hausa ba ta gida ɗaya ba ce. Ana jin ta a Jos, Kafanchan, Numan, Zuru, Sabon Garin Kano. Ga kuma yaranmu birjik da ke aiki a otal-otal da kulob na Abuja, Legas, Accra har Dubai, abincinsu na rataye da sanin abin da ke cikin kwalaben nan. Ni ma a bayan kantar nake, shekara ta takwas ke nan. Da su nake.

4/
Da na ce matsakaicin kuɗi, ina nufin irin waɗanda a Amurka ke tsakanin dala 25 da 50: Espolòn, Olmeca Altos, Tapatío, Siete Leguas, Patrón Silver, Don Julio Blanco. Da naira kam ba zan faɗa ba, kafin ka gama karanta zaren farashin ya canja 😅 Blanco, plata, silver, duk abu ɗaya ne: fara.

5/
Ina muka samo tunanin cewa fara ƙarama ce? Daga Hennessy da wiski. Su suka koya wa mutanenmu VS, VSOP, XO, shekara 12, shekara 18. Sai ƙwaƙwalwa ta haddace: mai duhu ita ce tsohuwa, tsohuwa ita ce mai tsada, mai tsada ita ce ta manya. Da tekila ta shigo gari sai aka ɗauko wannan mudun aka auna ta da shi. Mudun hatsi, ana awon mai.

6/
Wiski daga hatsi ake yin sa. In ya fito daga tukunya fari ne, mai kaifi, sai ya kwana shekaru a gangar katako kafin ya zama abin sha. Ita tekila daga wani tsiro ake yin ta, agabe shuɗi, mai kama da kabar giwa amma ƙato, ganyensa kamar takubba. Yana yin shekara 5 zuwa 8 a gona kafin ya nuna.

7/
Ku tsaya a nan. Dawar da ake burkutu da ita damina ɗaya ce. Inabi duk shekara ake tsinka. Agabe kuwa yaron da aka haifa ranar da aka shuka shi ya shiga firamare kafin a sare shi. Kuma sara ɗaya ne, ba ya tohowa. Shekarun da kuke nema a jikin kwalba, ita tekila a cikin ƙasa ta yi su.

8/
Mai saran, jimador suke ce masa, yana sassabe ganyen da wani ƙarfe mai faɗin baki, sai zuciyar ta rage kamar ƙatuwar abarba, wata ta fi buhun siminti nauyi. Wajen kilo 7 nata ne ke ba da lita ɗaya. Wannan zuciyar ce ɗanɗanon tekila. A fara kake jin ta tsirara, babu mayafi.

9/
Sauran duk ganga ce. Reposado wata 2 zuwa shekara a katako. Añejo shekara 1 zuwa sama. Extra añejo shekara 3. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu, ban musa ba. Amma katako mayafi ne, yana ƙara wa mai kyau kyau, yana kuma rufa wa mummuna asiri.

10/
Ga abin da masu talla ba sa so a faɗa. Dokar Meksiko kan tekila, NOM-006, ta yarda a zuba wa masu kala abubuwa huɗu: ƙonannen sukari don kala, ruwan katako, gilisarin don santsi, da ruwan sukari. In bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, ba dole a rubuta a kwalba ba.

11/
Kashi 1 kamar ba komai ko? A kwalbar 750 ml kusan cokalin shayi ɗaya da rabi ke nan. Tambayi duk mai yin zoɓon sayarwa abin da ɗigo biyu na filebo ke yi wa bokiti guda.

12/
Ita fara, ma'anarta a cikin dokar ta ce ba a yi mata wannan gyaran. Ban ce duk farar da ke kasuwa waliyyiya ce ba, mai wayo ba ya rasa ƙofa. Amma in an yi mata wasa harshe yana saurin kamawa, don babu kala ko katakon da za a ɓuya a bayansa. Shi ya sa in kana so ka san gidan tekila, fararsu za ka fara nema. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

13/
To ba kowace fara ba fa. Layin farko: nemi rubutun "100% de agave". In ba ka gan shi ba, an rubuta "tequila" kawai, to gauraye ce. Doka ta yarda kashi 51 ya zama agabe, sauran 49 sukarin rake ko na masara. Jose Cuervo Especial a nan take. Mai jar hular nan a kan murfi ma juya ta ka karanta. Kuma Olmeca zalla da Olmeca Altos ba ɗaya ba ne.

14/
Yawancin masu cewa "ni tekila ba ta karɓe ni ba" da gaurayen suka fara: lasar gishiri, ɗaga kai, tsotsar lemun tsami, yatsine fuska, shida a jere, gari ya waye kai kamar ana daka sakwara a ciki. Gishirin da lemun nan aikinsu ke nan, su hana ka jin abin da ka haɗiye. Abin da sai an toshe hanci ake sha ai magani ne.

15/
Layi na biyu ya fi wuya, don ba kasafai ake rubuta shi ba: yadda aka dafa agaben. Hanyar da ita ce tanderun bulo, tururi a hankali, kwana ɗaya zuwa biyu, wasu gidajen ma fiye. Sai tukunyar ƙarfe mai matsin tururi da ke gamawa cikin rabin yini. In ba a yi mata gaggawa ba ita ma tana fitar da abin kirki.

16/
Ta ukun ita ce matsalata: difusor. Inji ne dogo kamar tirela, a markaɗa agaben ɗanye, a feshe shi da ruwan zafi a wanko abin da ke cikinsa, daga baya a mayar da shi sukari, wasu har da asid. Yana tatse kusan komai, yana karɓar agaben da bai nuna ba. Riba ce zalla. Abin da ke fitowa kuma bambancinsa da na tanderu kamar na gasasshen rogo ne da kokon sitaci.

17/
Kuma duk ukun doka ta yarda su rubuta "100% de agave". Kwalba mai tsada na iya zama 'yar difusor, mai rahusa ta zama 'yar tanderu. Farashi ba ya gaya maka wannan. Ko kaɗan.

18/
Abin da ke gaya maka shi ne lambar NOM, lamba huɗu a jikin kowace kwalba ta gaske, kusa da haruffan CRT, hukumar da ke sa ido kan tekila tun 1994. Lambar ta masana'anta ce. Sunayen tekila a kasuwa sun haura dubu nesa ba kusa ba, masana'antun kuwa ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Yi lissafi. Gida ɗaya na iya cika wa sunaye hamsin kwalba. Sa lambar a Google ka ga 'yan uwan kwalbarka.

19/
Misali 1139, La Alteña ce a garin Arandas, ta iyalin Camarena tun 1937, masu Tapatío. 1120 Siete Leguas ce a Atotonilco, inda har yanzu alfadarai ke jan dutsen niƙa a ɗaya daga masana'antunsu. Su ne ma suka fara yi wa Patrón tekilarta kafin ta gina nata gidan. Waɗannan ne wani ɗan kulob zai kalla ya ce "na koktel". Haba malam.

20/
To yaya ake yanke wa kwalba hukunci? Ga yadda nake yi in an kawo sabuwa. Kofin wayin, ba ɗan siririn kofin shot ba. Babu ƙanƙara, babu gishiri, kwalbar ba daga firiza ba, don sanyi ma mayafi ne. Zuba kaɗan, bar ta minti biyar ta huce fushi.

21/
Sansana, baki a ɗan buɗe. Abin da kake nema: ƙanshin gasasshen dankalin Hausa da ɗan zuma, masoro, ɓawon lemu, wani lokacin ƙanshin ƙasa in an yi ruwan farko. 'Yan kan tudu, Los Altos, masu jar ƙasa, sukan fi zaƙi da ƙanshin 'ya'yan itace. 'Yan kwari, wajen garin Tequila da Amatitán, sukan fi yaji da ƙanshin ganye.

22/
Abin da ba ka so: ƙanshin kek, banila, alewa, cingam. Agabe ba ya ƙanshin bikin zagayowar haihuwa. Ba ka son warin ruwan goge farce. Ba ka kuma son shiru, wato ka sansana ka ji kamar vodka. Kurɓar farko kar ka yi hukunci da ita, kullum zafi ce. Ta biyu ce shaida.

23/
Sai ka ajiye kofin da babu komai, ka dawo bayan awa ɗaya. Mai kyau za ta bar ƙanshin dafaffen agabe. Wadda aka yi wa kwalliya za ta bar ƙanshin shagon alewa.

24/
Kalmar da ta fi ɓata mana kasuwa ita ce "smooth". Wai tana wucewa sumul, ba a jin komai. Oga, ruwan leda ma sumul yake wucewa, kuma ya fi araha. In yabon da za ka iya yi wa abin da ka zuba wa kuɗin haya shi ne ba ka ji shi ba, me ka saya?

25/
Yanzu ga inda masu "ta koktel ce kawai" suka fi yin kuskure. Suna ɗauka koktel juji ne, inda ake zuba wadda ta faɗi jarabawa. A wurin mai haɗawa koktel jarabawa ce ta biyu, kuma wani lokacin ta fi ta farko tsanani.

26/
Ɗauki Margarita: 50 ml tekila, 20 ml Cointreau, 15 ml ruwan lemun tsami. Ko ta Tommy's, wadda Julio Bermejo ya fito da ita a gidan abincin iyayensa a San Francisco, ya cire Cointreau ya sa ruwan zaƙin agabe. Ni 60, 30, 15 nake yin ta. Fiye da rabin kofin tekila ce. Ina za ta ɓuya?

27/
Ka girgiza da ƙanƙara, ruwa ya ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ga tsami ga zaƙi suna kokawa. Mai laushin nan, mai banila, 'yar sumul, nan take take nutsewa, ka sha lemo mai tsada. Mai ƙashi a jiki, mai masoro da ganye, ita ke ɗago kai ta ce ga ni.

28/
Duba ƙarfinta ma. Doka ta ba da daga 35% zuwa 55%. A Meksiko da Turai za ka ga 35 da 38 da yawa, a Amurka 40 ne mafi ƙanƙanta. Suna ɗaya, kwalba iri ɗaya, ƙarfi daban, ya danganta da inda ɗan kasuwa ya ɗauko. 38 na iya daɗin kurɓa amma ta yi sanyi a koktel. Tapatío na da wata 55%, cokali biyu nata na tashin matacciyar Margarita.

29/
Saboda haka rabon da nake yi ke nan. Akwai wadda ta ci kurɓa kuma tana da ƙashi: ta yi duka biyun. Akwai wadda ta ci kurɓa amma mai laushi ce: kurɓe ta, kar ka ɓata lemunka. Akwai wadda ta faɗi kurɓa: ba ta yi ko ɗaya ba. Rukunin "ba ta kurɓuwa amma ta yi koktel" ni ban taɓa cin karo da shi ba. Ruɓaɓɓen tumatir ba ya gyaruwa don an sa shi a miya.

30/
Sunaye kuke jira, na sani. Harshena ne fa, ba aya ba. Siete Leguas da Tapatío: duka biyun, ido rufe, kuma kurɓarsu ta fi ta kwalabe da yawa masu ninkin kuɗinsu uku. Altos Plata masu haɗa koktel biyu 'yan Ingila, Henry Besant da Dre Masso, aka yi ta da su, kuma ana jin haka, lemun tsami abokinta ne, amma ba za ta kunyata ka a kofi ita kaɗai ba.

31/
Espolòn na fi zuba ta a Paloma, kurɓarta ba laifi, ba kuma labari. Patrón Silver tsaf take, mai ladabi, kuɗinta ne ya ɗan fi ta baki. Casamigos Blanco a bakina zaƙi da banila sun yi yawa, a Margarita kuma ɓacewa take. Masoyanta ku yi haƙuri, ku zo da hujja ban da hoton Clooney.

32/
Su masu abin yaya suke sha? A garin Tequila akwai wata tsohuwar mashaya, La Capilla. Mai ita, marigayi Don Javier Delgado Corona, ya shahara da Batanga: farar tekila, Coca-Cola, lemun tsami, gishiri, ya juya da wuƙar da ya yanka lemun. Masana daga ko'ina a duniya suna zuwa su sha wannan. Ba wanda ya ce an wulaƙanta kwalba.

33/
A bakin hanyar Amatitán kuma cantarito ake sha a kofin ƙasa, da lemu da garehul. Su ɗin dai, in an zauna cin abinci, sai su zuba farar ita kaɗai, gefe ga sangrita, wani jan haɗi mai tsami da barkono, ana kurɓar wannan ana kurɓar wancan. Kwalba ɗaya, aiki biyu. Bangon da aka gina tsakanin kurɓa da haɗi ba a Jalisco aka yi bulonsa ba.

34/
A ofishin talla aka yi shi. 2017 Diageo ta sayi Casamigos ta su George Clooney a kan kuɗin da zai iya kai dala biliyan 1, shekara huɗu kacal da kafa ta. 2018 Bacardi ta karɓe Patrón a cinikin da ya kimanta ta dala biliyan 5.1. Sai The Rock da Teremana, sai Kendall Jenner da 818. Wa kuke zaton ke biyan wannan kuɗin? Mai teburi na bakwai da ake kawo wa kwalba da tartsatsin wuta.

35/
"Hassada ce, ba ka da kuɗin Azul." Toh. Clase Azul kwalbarta tangaran ce, da hannu ake zana ta, murfinta na ƙara kamar ƙararrawa. Kyakkyawa ce wallahi, ta yi gidan fulawa. 1942 ma añejo ce mai daɗi. Amma na sha ganin an saye ta a kulob an tuttula mata Sprite da ƙanƙara. Wato mai cewa fara "ta haɗi ce" shi ne ke haɗa ta dala ɗari da hamsin da lemon kwalba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

36/
Kuma tsada ba ta hana zargi. A 2025 an shigar da ƙara a kotun tarayya a New York ana zargin Casamigos da Don Julio ba agabe zalla ba ne kamar yadda aka rubuta. Diageo ta musanta da ƙarfi, zargi kuma ba hukunci ba ne. Na kawo shi ne don masu ɗaukar farashi a matsayin takardar shaida.

37/
Wani abin haushin: lokacin da kasuwa ta haukace, kilon agabe ya kai wajen peso 30, kowa a Jalisco ya ruga ya shuka. Da gonakin suka nuna tare, zuwa 2024 ya faɗo ƙasa da peso 5. Manomi ya yi jiran shekara shida ya tashi a tutar babu. Kun ga kwalba ta sauko? Duk wanda ya taɓa noma tumatir a Kadawa ya san wannan labarin.

38/
Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna, don wannan namu ne. Jabu. A Disambar 2023 NAFDAC ta rufe kasuwar Eziukwu a Aba saboda shagunan da ke haɗa giya da lemon jabu. Kwalaben da aka shanye a kulob akwai masu bi suna saye, da murfinsu da kwalinsu. Me kuke zaton za su yi da su?

39/
Ɗan jabu ba wawa ba ne. Wadda kowa ke kira da suna yake cikawa, wadda ribarta ta fi yawa, wadda za a sha cikin duhu da kiɗa da Sprite. A nan kalmar "ai koktel ne, zuba kowace" ke zama haɗari, don zaƙi da sanyi na rufe abin da hanci zai kama a sakan ɗaya. Hancin ma ba komai yake kamawa ba. Metanol ba ya sallama: a 2015 aƙalla mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, waɗanda suka tsira wasu ido ya tafi.

40/
'Yan uwana na bayan kanta: ku saya wurin dilan da ke da rasit da adireshi. Ku duba hatimin murfi, NOM, CRT, "Hecho en México". Ta 100% a can yankinta doka ta ce a cika ta a kwalba, in ka ga an ce an cika ta a wata ƙasa, ajiye. Kowace sabuwar kwalba a sansana ta ita kaɗai kafin ta shiga haɗi. Wadda ta ƙare a kankare takardarta ko a fasa, ko da yaron shara zai yi fushi.

41/
Kuma don Allah ku daina sayen tekila mai kyau kuna kashe ta da ruwan lemun tsami na roba. Lemun tsami tuli guda nawa ne a kasuwar Wuse? A matse shi a ranar, na jiya ɗaci yake.

42/
Mai kwalba a kusa ya juya bayanta ya ɗauko min hoton lambar NOM da ƙarfinta ya ajiye a komen, zan gaya masa gidan da ta fito da abin da zan yi da ita. Masu tambayar tsutsar cikin kwalba kuma, wannan mezcal ce, tekila ba a sa mata tsutsa. Zarenta daban, sai na huta.